Sau Uku Na Nemi Aikin Fosdok a Jami'a Ɗaya, Ga Yadda Muka Kwashe

Shekara 2 da wata guda bayan na karɓi takardar shaidar digirina na uku, ina fama da koyarwa ta wucin gadi wadda ake sabunta mini zango bayan zango, wata abokiyar karatuna ta turo mini jerin guraben aikin bincike na wata jami'a a arewacin Turai. Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin a bakina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma har yau a can nake karɓar albashi. Sau 3 na nemi aiki ta hannun sashensu na ɗaukar ma'aikata cikin wata 10. Biyu sun faɗi, na ukun ya kama. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne, jiki magayi.

Wanda bai saba da kalmar ba, fosdok aiki ne na bincike da ake ɗaukar mai digirin digirgir ya yi na ɗan wa'adi, galibi shekara 1 zuwa 3, a ƙarƙashin wani babban malami mai ɗakin bincike. Babu aji, babu jarrabawa, babu wata takardar shaida da za a miƙa maka a ƙarshe. Abin da za ka fita da shi shi ne maƙalolin da ka wallafa da sunan da ka yi a wajen masana fanninka. Har yanzu yayata in mun yi waya sai ta ce, "Wai kai yaushe za ka gama karatun nan?" Na gaji da bayani, yanzu sai in ce mata saura kaɗan.

Ranar da na fara buɗe jerin, sai da na yi kusan awa guda ina karanta guraben da ba su shafe ni ba, don sha'awa kawai. Ga mai neman wanda zai bi diddigin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, ga mai neman masanin lissafi ya ƙiyasta yadda ƙanƙarar teku ke narkewa, ga na batiri, ga na koya wa kwamfuta gane ƙari a hoton huhu, ga na taurari, ga wani kan saiwar itatuwa. A nan dole in yaba musu. Kowace sanarwa tana da fassarar Turanci cikakkiya, da lambar gurbin, da ranar rufe karɓar takardu, da sunan malamin da ke da aikin tare da adireshin imel ɗinsa, da wanda za ka tuntuɓa a ofis in tambayarka ta kwantiragi ce. Na ga jami'o'in da sanarwarsu layi 5 ce, kamar ba sa son a nema. Wannan kam sun baje kayansu a faifai. Guraben kuma duk suna fitowa a EURAXESS, dandalin guraben bincike na Hukumar Tarayyar Turai wanda kyauta ne ga kowa, inda ake yi wa irin wannan aiki alamar R2, wato mai digiri na uku da bai kai ga cin gashin kansa a bincike ba. R1 na masu kan karatun digirin ne, R3 da R4 na manya.

Sai dai tsarin tace guraben ya cuce ni, ko in ce ni na cuci kaina da taimakonsa. An jera komai bisa tsangaya da sashe. Ni kuwa digirina a kimiyyar sinadarai na yi shi, aikina auna gubar ƙarafa a ruwan sha, irin su dalma da asenik. Sai na danna sashen sinadarai kawai, na sa a riƙa turo mini sanarwa daga nan. Wata 5 ina jiran abin da ya dace da ni, ashe guraben da ke neman hannuna suna can a warwatse: ɗaya a sashen kiwon lafiyar al'umma, ɗaya a injiniyancin ruwa, wanda na samu daga baya kuwa a sashen ilimin ƙasa da duwatsu yake. Bincike ya daɗe da tsallake katangar sassa, jerin bai sani ba. Sai da na daina neman sunan fannina na koma rubuta sunan na'urar da na iya, ICP-MS, mai auna adadin ƙarafa a ruwa, a akwatin nema, sannan hanya ta buɗe. Duk wanda zai yi amfani da wannan jeri, ko wani irinsa, ya nemi aikin da sunan dabarar da ke hannunsa, ya bar sunan da ke rubuce a kan digirinsa.

Bari in tsaya a kan sanarwar ita kanta, domin a nan ne na fi koyon darasi. Kan sanarwa yaudara ce mai daɗi. Za ka ga an rubuta manyan kalamai kan makomar ruwan duniya, zuciyarka ta tashi. Ainihin maganar tana can ƙasa, a ƙananan layukan da ido ke tsallakewa: wa ke biyan kuɗin, har zuwa yaushe, kuma aikin na waye. In an ce gurbin yana rataye da wani tallafin bincike da malamin ya ciyo, to an riga an zana abin da za ka yi tun kafin a san da kai, kuma ranar da kuɗin ya ƙare kai ma ka ƙare. In kuma jami'ar ce ke biya daga aljihunta, sau da yawa za a nemi ka kawo tsarin bincikenka, kana da ɗan sarari, amma za a iya ɗora maka koyarwa. Wannan jami'a tana faɗin tsawon kwantiragi ƙarara a kowace sanarwa, wannan na yaba. Tushen kuɗin ne wani lokaci sai ka tono.

Akwai kuma bambancin albashi da alawus, wanda ya kusa shige mini duhu. A jerin guda za ka tarar da guraben da sunansu ɗaya, amma wani ɗaukar aiki ne sosai, da haraji da fansho da hutun rashin lafiya, wani kuwa alawus ne kawai daga wata gidauniya, ba a lissafa ka cikin ma'aikata. Kuɗin da zai shigo hannunka duk wata zai iya yin kusan daidai, amma ranar da ciwo ya kwantar da kai ko aka yi maka haihuwa, a nan za ka gane ba ɗaya ba ne. Jami'ar ta rubuta bambancin, ban ce ta ɓoye ba, amma kalma ɗaya ce tak a tsakiyar sakin layi. Kamata ya yi a raba su gida biyu tun daga sama.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne agogo. Kusan duk guraben fosdok na wannan jami'a sun ce ana fifita wanda bai wuce shekara 3 da samun digiri ba a ranar rufewa, sai in akwai uzuri kamar jinya ko hutun haihuwa ko aikin soja, wanda ake cire wa mutum. Ba su kaɗai ke da irin wannan ƙa'ida ba. A Suwidin ma shekara 3 ce. Tallafin fosdok na Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus yana neman wanda bai wuce shekara 4 ba, na JSPS, hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Japan, shekara 6, na Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai kuwa yana ba da har shekara 8 ta aikin bincike bayan digiri. Babu wanda ya gaya mini haka lokacin da nake murnar kammalawa. Na yi shekara 2 ina koyarwa ina cewa a bari ya huce, ban san kowace rana ƙofofi rufewa suke yi a bayana ba. Ni na kare kundina a watan Maris, takardar shaida kuwa sai a Yuli ta fito. A nema na uku, in daga Maris za a ƙirga na wuce wa'adi, in daga Yuli ne saura mini wata guda. Na rubuta wa ofis ina tambaya, gabana na faɗuwa. Kwana 2 wata ma'aikaciya ta amsa da layi biyu: ranar da ke kan takardar shaida ita ce abin lura, ka nema. Wannan amsa kaɗai ta isa in yafe musu abubuwa da yawa.

Kuma akwai abin yafewar. Fom ɗin neman aikin azaba ne. Za ka loda takardar tarihin karatunka da aikinka, sannan a ce ka sake rubuta duk abin da ke cikinta a akwatuna ɗaya bayan ɗaya, kowace makaranta da shekararta, kowace maƙala da sunayen marubutanta. Abin haushin, akwai gurbin da ake neman lambar ORCID, wannan lamba mai alamomi 16 da aka ƙirƙiro tun 2012 musamman don a gane mai bincike da ayyukansa ba sai ya yi ta nanatawa ba. Ka saka ta, ta zauna a wurin kamar ado, ba ta jawo komai ba. Girman takardar da za a loda ma an ƙayyade shi, kundina bai shiga ba sai da na matse shi har zane-zanen ciki suka dusashe. A nema na farko shafin ya fitar da ni bayan na yi kusan minti 40 ina rubuta wasiƙar dalilin nema a cikin akwati, komai ya tafi. Tun daga nan a waje nake rubuta komai in kwafo. Ƙarfe 12 na daren ranar rufewa kuma da agogonsu ake nufi, ba naka ba. Wannan ba laifinsu ba ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Nema na farko, shiru kake ji kamar an shuka dusa. Mako 11 babu ko tari, shafin yana nuna "ana dubawa" safe da yamma. Daga ƙarshe wasiƙar da na'ura ta rubuta ta zo, an gode, an ɗauki wani. Ban ji zafin faɗuwar kamar yadda na ji zafin jiran ba, domin a cikin makonnin nan na ƙi neman wasu wuraren ina zaton ga wannan nan tafe. Wauta ce tawa, na yarda. Amma da sanarwar ta ce za a kira waɗanda aka zaɓa kafin rana kaza, da na san inda dare ya yi mini.

Nema na biyu kuwa tun daga karatu ya kamata in sha jinin jikina. An buɗe gurbin kwana 14 kacal, kuma sharuɗɗan sun yi tsauri ta wata irin hanya: sai wanda ya yi aiki da na'ura kaza, a kan samfurin ƙasa na yanki kaza, da wata manhaja da ɗakin binciken ne ya rubuta abinsa. Riga ce aka ɗinka da awon mutum ɗaya, aka rataye a kasuwa don ƙa'ida ta ce a rataye. Ba ni da hujjar da zan nuna, kuma ba wannan jami'a kaɗai ake zargi da haka ba, ko'ina masu bincike na wannan gunaguni. Amma na ɓata kwana 4 da lokacin malamai biyu da suka rubuta mini wasiƙar shaida. Malamin da ya duba kundina, da na koma masa karo na uku, sai ya yi dariya ya ce, "Dokta, wannan karon ka fara rubuta wa mai aikin tukuna, ka ji ko da gaske neman mutum yake, kafin ka sa ni zaman rubutu." Na ce, "To Malam."

Haka na yi. Imel gajere, layi 8: ga ni, ga abin da na auna a digirina, ga maƙala ɗaya, ga tambaya kan yadda suke niyyar adana samfurin ruwa daga rijiya zuwa ɗakin gwaji. Farfesar da ke da aikin ta amsa washegari, ta amsa tambayar, ta ƙara da tata. Daga nan na san gurbin a buɗe yake da gaske.

Abin da ya burge ni a wannan nema shi ne ba a tambaye ni darajar mujallun da na wallafa a ciki ba. An ce in zaɓi ayyuka 3 in bayyana da bakina abin da ni kaina na yi a kowanne da dalilin da ya sa yake da muhimmanci. Wannan salo ya samo asali ne daga sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012, wadda ke kira da a auna bincike da abin da ke cikinsa maimakon sunan mujallar da ta buga shi. Ga irina da maƙalolinsa 4 ne, babu ko ɗaya a mujallun da ake rawar jiki a kansu, wannan ya ba ni bakin magana. Na bayyana yadda na shafe wata 7 ina gano cewa kwalaben da muke ɗibar ruwa da su ne ke ƙara mana dalma a sakamako, abin da a jerin maƙaloli ba zai taɓa fitowa ba.

Ganawar ta bidiyo aka yi, mutum 3: farfesar, wani malami daga wani sashe, da ma'aikaciyar ofis. Minti 15 na gabatar da aikina, sannan tambayoyi. Malamin nan, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya gyara tabarau ya ce, in aka kawo mini ruwan rijiya mai gishiri-gishiri, na'ura ta nuna asenik ya haura maikrogiram 10 a lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, zan yarda da lambar? Na ce a'a, ba nan take ba. Asenik nauyinsa 75 ne a ma'aunin na'urar, iskar agon da ke kunna wutar na'urar nauyinta 40, kulorin da ke cikin gishiri kuma akwai mai nauyin 35. In suka haɗe sai su ba da 75 cif, na'ura ta ɗauka asenik ne alhali babu shi, ko bai kai haka ba. Sai an bi da samfurin ta ɗakin karo, wani sashe na na'urar mai iskar hiliyom da ke tace wannan gaurayen, ko a yi gyaran lissafi, a kuma gwada da samfurin da aka san adadinsa. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, bai sake magana ba har aka tashi. Daga baya na gane tambayar nan ita ce ganawar, sauran duk gaisuwa ce.

Ni ma na yi nawa tambayoyin, kuma ina ba kowa shawara ya yi, kunya ba ta da amfani a nan. Wa zai zama marubuci na farko a maƙalolin da za su fito daga aikina? Kwana nawa a mako zan samu na'urar, tunda ɗakuna 4 ke rabon ta? In na tashi tafiya, akwai ɓangaren aikin da zan iya ɗauka in gina nawa a kai? Waɗanda suka riƙe irin wannan gurbi a ɗakin kafin ni, ina suke yanzu? Farfesar ta amsa uku kai tsaye, ta ɗan yi jim a ta huɗu, sannan ta lissafo su da gaskiya: ɗaya ya samu kujerar koyarwa, biyu sun koma kamfani, ɗaya yana fosdok na uku a wata ƙasa. Ta ba ni adireshin biyu daga cikinsu in tambaye su da kaina. Wannan ya fi duk wani alkawari kwantar mini da hankali.

Bayan an ba ni aikin, sashen da na yi ta yi wa tsiya a kan fom sai ya zama wani abu daban. Yawancin ƙasashen Tarayyar Turai suna aiki da wata doka ta 2016 da ta tanadi izinin zama na musamman ga masu bincike daga waje, bisa yarjejeniyar karɓar baƙo da jami'a ke sa wa hannu. Takardar ta iso mini cikin mako guda, da bayanin abin da zan kai ofishin jakadanci ɗaya bayan ɗaya. Abokaina da suka nufi wasu wuraren kowa da nasa dutsen: mai zuwa Birtaniya a wasu fannonin kimiyya da injiniyanci sai ya samu takardar izinin ATAS ta tantancewar tsaro, wadda tun 2021 aka faɗaɗa ta ta haɗa da masu bincike, mai zuwa Amurka kuwa galibi bizar J-1 ce, mai iyakar shekara 5. Inda aka ja ni a ƙasa shi ne tantance takardun digirina, kusan mako 6, har sai da aka ɗage ranar fara aikina. Ba a rage mini wa'adin kwantiragi ba, na tabbatar an rubuta haka kafin in sa hannu.

Wani abu da jerin guraben bai nuna ba, kuma ya kamata a ce yana sama da manyan baƙaƙe: jami'ar tana da ofishin da ke taimaka wa mutum ya nemo kuɗin kansa ya zo da shi. Tallafin Marie Skłodowska-Curie, misali, ba jiran sanarwa ake yi ba. Kai da malamin da ya yarda ya karɓe ka ne za ku rubuta tsarin bincike, a miƙa a watan Satumba, in an dace ka samu wata 12 zuwa 24 kana aikin da kai ka zana. Sharaɗinsa shi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufewa. Sai da na yi wata 3 da zuwa na ji labarin wannan ofis a wajen shan iska. Yanzu na haura wata 12 a ƙasar, wato in zan nema sai dai wata ƙasar.

Wa zan ce ya nema a nan? Wanda hannunsa ya iya wata dabara takamaimai, yana cikin shekara 3 na farko, kuma ya san me yake so ya fita da shi. Kayan aiki akwai, albashi na zuwa kan lokaci, kuma abin da aka rubuta a sanarwa shi na tarar. Wanda ke neman wurin da zai kafa gida ya zauna kuwa, ya san cewa babu tsani daga wannan gurbi zuwa kujerar dindindin, kuma ba a taɓa ce mini akwai ba. A Jamus har doka ce tun 2007 ta ƙayyade kwantiragin wucin gadi a jami'a zuwa shekara 6 kafin digiri na uku da 6 bayansa, 9 a fannin likitanci, kuma ana ta muhawara kan ko kare matasa take yi ko korar su. A nan ma lissafin bai bambanta sosai ba: masu fosdok a benenmu sun ninka kujerun da za su buɗe nan kusa.

Yau wata 14 ke nan da fara aikina, saura 10. Dokar nan ta 2016 ta ba mai bincike damar ƙarin aƙalla wata 9 a ƙasa bayan kammala aiki don neman wani, na riga na tambayi ma'aikaciyar nan takardun da ake buƙata, ta turo. Sanarwar guraben kuma ban kashe ta ba, duk Litinin tana shigowa. Sai dai yanzu shekara 3 ta wuce ni, guraben fosdok ɗin sun zama na wasu. Makon jiya na ga ɗaya a sashen injiniyancin ruwa yana neman mai ICP-MS, na tura wa wata ɗaliba da za ta kare kundinta a watan gobe, na ce mata ta fara rubuta wa mai aikin tukuna.